LIKITA MA YANA DA IYALI

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, mun saba jin ƙorafi a kan likitoci: sun yi wa majinyaci tsawa, sun makara, sun tafi yajin aiki. Wani ƙorafin gaskiya ne. Amma a wannan wata muna so mu tambayi kanmu: ina hakkin iyalin likita a kansa, kuma su wa ke cinye shi?

Wanda muke nufi shi ne likitan da ya yi shekara goma ko goma sha biyar yana aiki. Shi ake tasa da tsakar dare idan haihuwa ta gardama, shi ke koyar da na ƙasa da shi, shi ke amsa tambayar na sama. Kuma daidai waɗannan shekaru ne 'ya'yansa suke tasowa suna neman tarbiyya, iyayensa kuma tsufa ya kama su. Idan ciwo ya gagari ƙaramin asibiti a Furfuri ko Bungudu ko Tsafe, sai a nufi Gusau, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Can za a tarar da shi, ga mai naƙuda, ga yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini, ga wanda 'yan bindiga suka harba. Wanda aka tura ƙauye kuwa, sau da yawa iyalinsa suna birni, ziyararsu ma sai ya yi tunanin hanya.

A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne ga mutum fiye da miliyan 200. Duk wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya, kwanan asibitinsa yana komawa kan wanda ya zauna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan gajiya mai cin rai cikin matsalolin da aiki ke haifarwa, ta ce alamarta ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga zuciya, da raguwar ingancinsa. Ashe tsawar da muke kuka da ita tana da tushe.

Musulunci bai yarda mutum ya tozarta gidansa ba ko da saboda nafila. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i ya tarar da matarsa cikin halin rashin kula, domin mijinta ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, ya tunatar da shi hakkin Ubangijinsa da na jikinsa da na iyalinsa, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. To, idan nafila ba ta zama uzuri ba, ina ga likitan da ya tashi daga asibitin gwamnati ya zarce asibitin kuɗi har dare, ya dawo yara sun yi barci? Wannan ya ji tsoron Allah, ya duba abin da yake tarawa da abin da yake zubarwa.

Mu ma da namu laifin. Mu ne muke ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan Isha'i da takardar gwaji. Mu ne muke tare shi a bakin masallaci, muna cewa ai na gida ne. Mu ne muke ajiye mai naƙuda kwana biyu a ɗaki, sai ta galabaita mu kwaso ta da ƙarfe biyun dare, mu ce kuma bai yi sauri ba.

Su kuma hukumomi, a 2023 an kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Mu a ganinmu ɗaure mutum ba ya sa ya so wuri. Abin da muke roƙo ga gwamnatin Zamfara shi ne ta ƙara ɗaukar likitoci, ta biya alawus ɗin kwanan asibiti a kan kari, ta gina musu gidaje masu tsaro kusa da wurin aiki domin su zauna da iyalansu, kuma wanda ya kwana yana tiyata a sallame shi da safe ya tafi gida.