Ku Daina Ƙirga Jiragen Saburo Sakai

Mun gaji da masu yi wa Saburo Sakai kirari da yawan jiragen da ya kakkaɓo a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba mu musa ba, gwani ne cikin matuƙan sojan ruwan Japan. A 1942 harsashi ya same shi a ka kusa da Guadalcanal, idonsa na dama ya mutu, amma ya kai jirginsa har Rabaul. To, sai me? Bayan yaƙi ya buɗe maɗaba'a, ya yi alwashin ko sauro ba zai ƙara kashewa ba. Ya kuma fito fili ya ce Sarki Hirohito, wanda da sunansa aka tura matasa halaka, yana da alhakin yaƙin a wuyansa. Wannan maganar ce masu kirarin suke haɗiyewa.