Ashanar fata: wa zai cire ta?

Mai jegon da ke ƙauyen bayan madatsar ruwan Goronyo, in allurar tazarar haihuwa ta zaɓa, dole ta nemi asibiti duk bayan wata uku. Wanda ya san halin hanyoyin gabashin Sakkwato, balle tun harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, ya san wannan zirga-zirga sai da addu'a. Shi ya sa nake ganin ashanar fata da robar mahaifa sun fi dacewa da matan karkarar Wurno, Rabah da Goronyo. Ashanar Implanon shekara uku take yi a damtse, ta Jadelle biyar, robar mahaifa kan kai goma, kuma ba sa hana shayarwa.

Tazarar kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun san illar kwanika, addini kuma ya san shayarwar shekara biyu. Tun 2014 ma gwamnatin tarayya ta amince ƙananan ma'aikatan lafiya na karkara da aka horas su riƙa sa ashanar. To me ke sa mata ja da baya?

Na farko jini. Ashanar kan rikita al'ada: wata ta yi ta ɗigo, wata ta ɗauke mata gaba ɗaya. Ga ma'aikacin lafiya wannan ƙaramin abu ne. Ga macen da ke lissafin sallarta da azuminta, ga kuma maigida na tambaya, babba ne. In ba a gaya mata tun farko ba, ranar da ta gani, kishiya da maƙwabta duk sun ji, an gama da ashana a unguwar.

Sai cirewa. Allura in ka bar ta, ta bar ka. Ashana kuwa sai an sami mai horo da kayan aiki masu tsafta ya ɗan tsaga fata. Ayarin ma'aikatan lafiya da ya zo ya sa ya tafi, ina za a same shi ran da yaro ya rasu, ko miji ya ce lokaci ya yi?

Mafi yawan matan nan a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, amma akan ga wasunsu wajen rigakafin mako shida, daidai fitar arba'in. A nan ya kamata a yi musu bayani, da su da mazajensu. Hukumar lafiya matakin farko ta jihar Sakkwato kuma ya kamata ta ware rana guda a mako, a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da za a cire wa duk wadda ta nema, kyauta, ba tare da gardama ba.