Ruwan Bitirut da 'Yan Matan Fagen Faɗa: A Kan Wa Aka Gwada?

Makon nan da masu rubutun lafiya da wasanni nake, kuma zan faɗi maganata ko da za ta yi wa wasu ɗaci.

Akwai wani rubutu da ke yawo a harsuna da dama, har ya fara shigowa namu. Za ka ga hoton budurwa cikin fararen kayan taikwando ta ɗaga ƙafa sama, kusa da ita kofin jan ruwa, sai a rubuta cewa kimiyya ta tabbatar ruwan bitirut shi ne sirrin zakaru. Marubuci ya kwafo, ya juya shi zuwa Hausa, ya saki. Ni kuwa na ce wannan rubutu ha'inci ne, domin ya ɗauki gaskiya kaɗan ya hura ta kamar balan-balan, sannan ya miƙa wa waɗanda ba a kansu aka yi gwajin ba.

Bari mu fara ba Kaisar abin da yake nasa. Bitirut, wannan jar saiwa da ake nomawa a Jos ake kawo mana kasuwannin kayan lambu, tana ɗauke da sinadarin naitiret mai yawa. Idan mutum ya sha ruwanta, sinadarin yakan shiga jini ya dawo cikin miyau, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan harshe su juya shi zuwa naitirait. Daga nan jiki ya mai da shi naitirik oksaid, wanda ke buɗa jijiyoyin jini, ya kuma sa tsoka ta yi aiki da iskar oksijin ƙasa da yadda ta saba. A 2007 masu bincike a Stockholm ta ƙasar Suwidin suka fara nuna haka da gishirin naitiret. A 2009 kuma ƙungiyar Farfesa Andrew Jones ta Jami'ar Exeter a Ingila ta gwada ruwan bitirut ɗin kansa, rabin lita kullum har kwana 6, aka ga masu shan sun ƙara jimirin tuƙa keke da kusan kashi 16 cikin 100 kafin su gaji. A 2018 Kwamitin Olamfik na Duniya ya sanya naitiret cikin 'yan tsirarun abubuwan ƙarin kuzari da suke da hujja mai ƙarfi. Duk wannan haka yake.

To amma ka koma wa gwajin na Exeter ka yi masa tambaya ɗaya: mutum nawa ne, kuma su wane ne? Mutum 8 ne, dukkansu maza, a kan keken motsa jiki na ɗakin gwaji. Babu mace ko ɗaya, babu mai naushi, babu mai shuri. Wannan kashi 16 ɗin ma da ake ta yayatawa ma'aunin tsawon lokacin da mutum zai jure ne kafin ya sare. Idan aka koma gasar gaske mai nisa ƙayyadadde, ƙarin da kwamitin Olamfik ya ambata bai wuce kashi 1 zuwa 3 ba. Marubucin da ya ba ka 16 ya ɓoye maka 3, kilishin da ya sayar maka rabinsa iska ne.

Rashin mata a irin waɗannan gwaje-gwaje tsohon ciwo ne a kimiyyar wasanni. A 2021 Emma Cowley da abokan aikinta sun bi diddigin rubuce-rubuce sama da 5,000 da manyan mujallun fannin suka buga tsakanin 2014 da 2020. Kashi 31 maza zalla aka yi wa, kashi 6 kacal ne na mata zalla. A kan naitiret ɗin kansa, Kate Wickham da Lawrence Spriet na Jami'ar Guelph a Kanada sun yi jan kunne tun 2019 cewa an bar mata a baya, kuma ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon maza a liƙa masu. Jikin mace yana da nasa tsarin. Sinadaran halittarta suna hawa da sauka tare da al'adarta ta wata, kuma suna da hannu a yadda jiki ke samar da naitirik oksaid. Nauyinta da yawan tsokarta sun bambanta da na namiji, don haka kofi ɗaya ba awo ɗaya ba ne a jikinsu.

Sai kuma yanayin wasan kansa. Karawar taikwando zagaye 3 ne na minti 2, da hutun minti 1 a tsakani. Ta judo minti 4 ce. A nan abin da ke raba gardama shi ne zafin nama, da karanta abokiyar karawa, da sanin lokacin da za a kai shuri. Na san wani zai ce ai akwai binciken da ya nuna naitiret na taimaka wa tsokar da ke aikin gaggawa, da wasannin da ake yi ana hutawa ana komawa. Na yarda, kuma shi ya sa ya dace a ci gaba da gwadawa. Sai dai gwajin da aka yi a kan 'yan wasan faɗa kaɗan ne, mutanen ciki 'yan ƙalilan ne, sakamakonsu bai zo baki ɗaya ba, kuma an sha lura cewa ƙwararrun da suka goge ba su cika samun amfanin da sababbin shiga ke samu ba. Wanda ya gina kalmar "tabbas" a kan wannan, a kan toka ya yi gini.

Me ya sa na damu har haka? Saboda akwai yarinyar da za ta karanta. 'Yan mata sun ga Feryal Abdelaziz ta Masar ta ci zinare a karate a Tokyo. Sun ga Ruth Gbagbi ta Kodebuwa ta ɗauki tagulla sau biyu a taikwando. Sun ga Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar, Elizabeth Anyanacho ta wakilci Najeriya. Wadda ta sha faɗa da gida kafin a bar ta ta je atisaye, duk abin da aka ce mata zai sa ta yi nasara za ta kama shi hannu biyu. Wasannin nan kuma da nauyi ake raba su: a Olamfik matan taikwando suna da rukunin kilo 49, da 57, da 67, da na sama da haka. Yarinya ta ƙi cin abinci don ta shiga rukuni, ta kashe kuɗin abincin a kan jan ruwa, tana ganin ta yi dabara.

Ga kuma wata fahimta da ta zauna a kawunanmu, cewa duk abu ja yana ƙara jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin giram 100 na bitirut bai kai miligiram 1 ba. Hanta ta ninka shi sau da yawa, wake ma ya fi shi. 'Yar wasan da ke zubar da jini duk wata, wadda ke haki tun zagaye na biyu, gwajin jini take buƙata a asibiti da abinci mai gina jiki. Marubucin da ya tura ta wajen mai markaɗe ya jinkirta mata magani.

Masu tallar nan ba sa faɗin sauran bayanin. Ba sa cewa awon da ake magana a kai miligiram 310 zuwa 560 ne na naitiret, awa 2 zuwa 3 kafin wasa, alhali yawan sinadarin a kowace saiwa ya danganta da ƙasa da taki da ajiya. Ba sa cewa ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta yana lalata aikin. Ba sa cewa yana iya murɗa ciki, yana sauke hawan jini, yana rina fitsari ja, kuma mai tarihin tsakuwar ƙoda sai ya yi hattara. Ba sa kuma cewa alayyahu da latas ma suna ɗauke da naitiret, domin babu riba a tallar abin da ke cikin miyar kowa.

Don haka, ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ka rubuta "bincike ya nuna", tsaya ka nemo amsa huɗu: mutum nawa aka gwada, maza ne ko mata, wane irin wasa, kuma ƙarin nawa aka samu. Idan ka same su, rubuta su yadda suke, ko da rubutun zai rage armashi. Idan ka kasa samo su, ajiye alƙalamin zuwa gobe. Wanda yake ganin na zalunci bitirut, fili nasa ne, amma ya zo mana da adadin matan da aka gwada.

Allah ya sa mu rubuta abin da za mu iya karewa.