Tanderun Suleja Da Darasin Gyara

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Sabon Ibadan ko Agege ko Anaca ya san takardar naira ashirin. A bayanta akwai hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Amma kaɗan ne suke tambayar abin da ya sami ma'aikatar da ta yi suna a cikinta.

A 1952 aka buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin Abuja, watau Suleja ta yanzu, ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew. Ya kawo faifan juya yumɓu, da ruwan ƙyalli, da tanderu mai zafin da ya zarce na gashin gargajiya nesa ba kusa ba. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Tukwanenta suka kai har Landan. Cardew ya bar aiki a 1965, ita kuwa ta rasu a 1984. Daga baya aiki ya ja baya, har jaridu suka riƙa ba da labarin lalacewar wurin.

Tanderu ba dutsen Zuma ba ne da zai zauna haka nan har abada. Wuta tana cin bulonsa, dole a sake shi. Faifai yana son maƙeri. Haɗin ruwan ƙyalli kuwa, in ba a rubuta shi an koya wa yara ba, sai ya bi mai shi kabari. Ranar buɗe ma'aikata kowa yana zuwa da babbar riga, ranar gyara sai a nemi mutane a rasa.

Wannan darasi bai tsaya ga hukuma kaɗai ba. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kudu suna haɗa kuɗi su sayi injin niƙa ko janareta ko kwamfutar ajiye lissafi. Lalle ne tun ranar saye su ware kuɗin gyara na kowace shekara, su tabbata ana samun kayan gyara a kasuwa, su kuma koya wa mutum biyu aikin, kada ya rataya a wuyan mutum guda. Kwamfuta kuwa a riƙa sabunta manhajarta, a ajiye kwafin lissafi a wani wuri dabam.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa shugabanni su ji.