In Ka Je Busan, Fara Da Lungun Littattafai

Na san da yawa daga cikinmu masu karatun littattafan hikaya yanzu mun zama 'yan kallon finafinan Koriya, har wasu na burin wata rana su taka ƙasar, ko don karatu ko don kasuwanci. To ga shawarata ga wanda Allah Ya nufa da tafiyar: kar ka tsaya a Seoul kaɗai. Hau jirgin ƙasa na KTX, cikin ƙasa da awa uku kana Busan, birni na biyu a girma a Koriya ta Kudu, mai mutum sama da miliyan uku.

In ka sauka, kowa zai nuna maka hanyar Gamcheon, unguwar nan da ke jikin tsauni wadda aka shafe gidajenta da fenti kala-kala. Ni kuwa cewa na yi ka fara da Bosu-dong, lungun tsofaffin littattafai. Ga dalilina.

Wuraren biyu yaƙi ne ya haife su. Lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, Busan ce ta zama babban birni na wucin gadi, 'yan gudun hijira suka kwararo cikinta. Waɗanda ba su da matsuguni suka kakkafa bukkoki a jikin tsaunuka irin na Gamcheon. A Bosu-dong kuma aka fara shimfiɗa tsofaffin littattafai da mujallun sojojin Amurka a ƙasa ana sayarwa. Mai jin yunwa ya sayar da littafinsa ya ci abinci, ɗalibin da makarantarsa ta yi hijira ya saya da arha. Haka lungun ya kafu, kuma har yau littafi ake sayarwa a cikinsa, an jibge tun daga ƙasa har rufi.

Gamcheon kuwa a 2009 aka kawo masu zane suka yi mata kwalliya, ta zama wurin yawon buɗe ido. Ba na musun kyanta, kuma an samu shaguna da ciniki. Amma fa mutane ne ke zaune a gidajen nan, da yawansu tsofaffi, kuma sun sha kokawa da hayaniyar baƙi da masu leƙa musu gida. Tsohuwa ta fito shanya, a ɗauke ta hoto babu ko sallama. Wa zai yarda a yi wa uwarsa haka? Baƙo ya bi dogon layi don ya ɗau hoto kusa da wani mutum-mutumi, ya koma gida bai san me ya hau da talakawa kan tsaunin ba.

Wani zai ce, ai ban iya karanta yaren Koriya ba, me zan tsinta a Bosu-dong? Akwai na Turanci, akwai na hotuna da zane. Ban da haka, shagunan lungun sai raguwa suke yi, saboda cinikin intanet da masu sayen gine-gine su rushe. Hoton da ka ɗauka ba ya biya wa mai shago kuɗin haya, littafi ɗaya da ka saya shi ke biya. Mu da muka ga yadda shagunan hayar littattafan Hausa suka yi ta rufewa bayan karatu ya koma waya, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Daga nan da ƙafa za ka gangara Kasuwar Gukje, wadda aka gina labarin fim ɗin Ode to My Father na 2014 a kanta, ka wuce dandalin BIFF, inda aka fara bikin finafinai na Busan a 1996. A 2014 UNESCO ta sa birnin cikin biranen fim. In da sauran lokaci, ka leƙa F1963, masana'antar wayar ƙarfe da ta yi aiki daga 1963 zuwa 2008, aka mayar da ita wurin baje zane a 2016, da babban kantin littattafai a ciki. Ba su rushe ginin ba, sun ba shi sabon aiki. Don salla kuma akwai masallacin Al-Fatah, wanda aka buɗe a 1980.

Ban ce kar ka je Gamcheon ba. Je ka, amma bayan ka san tarihinta, ka sassauta murya, ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma sai in ka je da ladabi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.