A Sa Ɗan Bakin Dajin Rugu a Tawagar Najeriya

A taron sauyin yanayi na COP28 da aka yi a Dubai a 2023, sunayen 'yan Najeriya 1,411 suka fito a jerin mahalarta, gwamnatin tarayya kuma ta ce mutum 422 ta ɗauki nauyinsu. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan kuɗin jirgi da masauki. Mu abin da ya dame mu shi ne, a cikin matasan da ke magana da sunan ƙasa, wa ya san ƙauyen Babban Duhu da ke Safana?

Muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun shafi yunwa, ilimi, ruwan sha da zaman lafiya. A ƙauyukan Safana da Batsari da ke bakin Dajin Rugu, wannan shi ne halin da ake kwana ake tashi da shi. Ga gonar gero da ciyawa ta cinye saboda tsoron 'yan bindiga, ga yarinyar da ke fita da jarka tun asuba neman ruwa alhali sa'o'inta na aji.

Matasan Abuja da Legas da ke wakiltarmu suna iya ƙoƙarinsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, kuma akwai ɗaliban yankin a cikinta da suka iya Turanci, suka kuma san noma.

Shekarar 2030, wa'adin cim ma waɗannan muradu, ta ƙarato. Muna kira ga Ma'aikatar Matasa ta Tarayya da gwamnatin Katsina su ware wa ɗan wannan yanki gurbi a tawaga ta gaba, in ya dawo kuma ya yi wa jama'a bayani da Hausa a gidan rediyon jiha.