Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa marubuta, wa ya taɓa ganin an yi gayya an noma gona, sa'annan a garƙame rumbu a ce 'yan gayya sai sun biya kafin su ga hatsin? To, abin da ake yi wa binciken ilimi ke nan. Malami ya karɓi kuɗin jama'a ya nazarci littattafanmu, ya miƙa wa mujallar Turai kyauta, takwarorinsa su tace mata kyauta, amma marubucin da aka feɗe littafinsa sai ya ciro daloli kafin ya ga abin da aka ce a kansa. Kundayen digiri kuwa suna can bisa kanta, gara ce kaɗai ke nazarinsu.

Gyaran yana hannun mai ba da kuɗin bincike, don shi ke da wuƙa da nama. A 2008 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa duk wanda ta ɗauki nauyinsa ya ajiye maƙalarsa a rumbun intanet na PubMed Central, kowa ya karanta kyauta. A 2018 wasu hukumomin Turai suka biyo baya da shirin Plan S.

Sai dai manyan kamfanonin ɗab'i sun sake dabara: mai karatu ya huta, mai rubutu ya biya. A 2021 mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 kan maƙala guda. Wane malami ne a ƙasar nan zai iya? An gudu ba a tsira ba ke nan.

Barazil ta fi mu wayo. A 1998 aka buɗe SciELO da tallafin FAPESP, asusun bincike na jihar Sao Paulo. Maimakon ciyar da kamfanonin waje, sai suka gina wa mujallunsu na gida rumbu buɗaɗɗe.

Saboda haka muna kira ga TETFund da abu uku. Ta gindaya sharaɗi: ba buɗewa, ba tallafi. Ta zuba kuɗi a mujallun jami'o'inmu, a kuma ɗora tsofaffin kundaye a intanet. Ta sa kowane bincike ya zo da taƙaitawa cikin harshen mutanen da aka yi shi a kansu.

Mu ma kada mu naɗe hannu. Duk ɗalibin da ya zo tambayarka don kundinsa, ka ba shi amsa, amma ka ce a kawo maka kwafi in an gama. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce.

Allah ya sa masu kunne su ji.